Lesoto: Ƙasar da Ba Ta da Ƙofar Fita Sai ta Gidan Maƙwabci

A cikin watan Afrilu na 2025, sa'ad da Shugaban Amurka Donald Trump ya bayyana sababbin kuɗin fito da ya ɗora wa kayan ƙasashen duniya, mutane da yawa sun yi mamakin ganin wata 'yar ƙaramar masarauta ta kudancin Afirka, wato Lesoto, a sahun farko na waɗanda aka tsawwala wa, da kashi 50 cikin 100. Wata guda kafin haka shi wannan shugaba ya yi mata ba'a a gaban Majalisar Dokokin ƙasarsa, yana cewa babu wanda ya taɓa jin sunanta. Laifinta kawai shi ne tana sayar wa Amurka wanduna da lu'ulu'u, alhali kuwa talakawanta ba su da ƙarfin sayen kayan Amurka. Daga baya an sauko da kuɗin zuwa kashi 15, amma kafin nan 'yan kasuwar Amurka sun janye odarsu, masaƙu sun sallami ma'aikata, har a watan Yuli gwamnati ta ayyana rashin aikin yi a matsayin bala'in da ya auka wa ƙasa.

Wannan al'amari ya sake tono tsohon ciwon Lesoto. Ƙasa ce mai sarki da tuta da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya, amma duk abin da take ci, wani ne a waje yake riƙe da igiyarsa.

Wanda ya duba taswira zai ga dalili. Afirka ta Kudu ta kewaye ta gabas da yamma, kudu da arewa, ba ta da teku, ba ta kuma da wani maƙwabci na biyu. Faɗinta murabba'in kilomita 30,355 ne, wato ba ta kai Jihar Bauci ba, mutanenta kuwa sun ɗan haura miliyan 2. Duwatsu ne suka cinye yawancin ƙasar. Wurin da ya fi ko'ina gangare a cikinta yana da tsayin mita wajen 1,400 daga bakin teku, ƙololuwar dutsenta mafi tsawo, Tabana Ntlenyana, ta kai mita 3,482. A watannin Yuni da Yuli, lokacin da ake tsakiyar damina a Nijeriya, su ƙanƙara ce take rufe musu tsaunuka, shi ya sa ba a raba mutumin Lesoto da bargonsa, a ƙauyukan kan dutse kuma har yanzu doki yana da daraja. Abin da yake nomuwa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na ƙasar ba, shi ma zaizaya ta ci shi. Jama'ar kusan duk ƙabila ɗaya ce, Basoto, harshensu Sesoto, yawancinsu Kirista ne.

Ba haka ƙasar take ba tun asali. Sarki Moshoeshoe na Farko (ana faɗinsa Moshweshwe) shi ya tara tarkacen mutanen da yaƙe-yaƙe suka watsa, ya kafa gari a kan dutsen Taba Bosiyu a 1824, ƙasarsa kuwa ta haɗa da filayen noma masu albarka a yammacin kogin Kaledon. Turawa 'yan asalin Holan da ake kira Buwa suka yi ta yaƙarsa a kan waɗannan filaye, har ya ga babu makawa, ya nemi Ingila ta ba shi kariya, ta kuwa karɓe shi a 1868. Yarjejeniyar da aka ƙulla a 1869 ta bar wa Buwa filayen, ta bar wa Basoto duwatsu. Turawan Ingila suka mallaki ƙasar ta hannun sarakuna da hakimai, kamar yadda suka yi a Arewacin Nijeriya, ba su kuwa damu da gina mata wata sana'a ba, domin a lissafinsu wata rana za a haɗe ta da Afirka ta Kudu. Basoto suka ƙi, suka sami mulkin kansu ran 4 ga Oktoba, 1966.

Mutumin da aka ƙwace wa gona, aka kuma ɗora masa haraji, ba shi da abin sayarwa sai ƙarfinsa. Ta haka ci-rani ya zama babbar sana'ar ƙasar. Fiye da shekara ɗari samarin Basoto suna gangarawa ramukan zinariya na Afirka ta Kudu, su kwana a barikin maza, su bar mata da noma da renon yara. A ƙarshen shekarun 1980 yawansu ya haura 100,000. Duk wanda ya taɓa barin iyali a gida ya fita neman abinci ya san yadda gari yake zama idan kowane gida kunnensa yana kan saƙon ƙarshen wata. Gwamnati ma ta san haka, shi ya sa ta yi doka a riƙa tsare wani kaso na albashinsu a banki a Lesoto don kada ya ƙare a can. Da ramuka suka fara rufewa a shekarun 1990, fiye da rabin ayyukan nan suka ɓace. Maza suka komo gida da ciwon huhu da tarin fuka, cutar ƙanjamau kuma ta yi wa ƙasar mummunar ɓarna, har ta kama wajen mutum ɗaya cikin kowane baligi biyar. Waɗansu suka koma haƙa ta sata a tsofaffin ramukan da kamfanoni suka yasar, inda mutuwa take ɗibarsu ba lissafi.

Abin da ya faru a 1986 shi ya fi nuna iyakar 'yancin ƙasar. Firayim Minista na farko, Cif Leabua Jonathan, wanda ya soke zaɓen 1970 da ya ga zai faɗi, ya fara mulki yana ɗasawa da gwamnatin wariyar launin fata, daga baya ya juya mata baya, ya ba 'yan gudun hijira na jam'iyyar ANC mafaka. A watan Disamba na 1982 sojan Afirka ta Kudu suka faɗa wa Maseru, babban birnin ƙasar, da dare, suka kashe mutum 42. Da haka bai sa ya saduda ba, sai a watan Janairu na 1986 suka toshe kan iyaka, abinci da man fetur suka yanke. Ba a yi mako uku ba Manjo-Janar Justin Lekhanya ya kifar da gwamnatin, aka kwashe 'yan gudun hijirar a jirgin sama, aka buɗe iyaka. A watan Oktoba na shekarar nan kuma aka sa hannu a kan yarjejeniyar ruwa da aka daɗe ana jan ƙafa a kanta.

Ruwa kam Allah ya hore wa Lesoto. Daga duwatsunta kogin Oranj yake tasowa, yankin Johannesburg kuwa, inda masana'antun Afirka ta Kudu suke, kullum cikin ƙishirwa yake. Aka gina madatsar Katse mai tsayin mita 185, aka bi ta da ta Mohale, aka huda duwatsu ana tura ruwa arewa, ana biyan Lesoto kuɗin da suka zama wani ginshiƙi na baitulmalinta. Tashar Muela da ke kan hanyar ruwan tana ba da lantarki megawat 72. Amma an ta da ƙauyuka, gonaki da makiyaya sun nutse, an yi shekaru ana jayayya a kan diyya, ga kuma waɗansu ƙauyukan da suke kallon tafki da ido amma matansu suna tafiya ɗibar ruwa a nesa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Abu ɗaya da ya kamata a yaba wa ƙasar shi ne a 2002 kotunanta suka ɗaure shugaban hukumar aikin, Masupha Sole, saboda cin hanci, suka kuma hukunta manyan kamfanonin ƙasashen waje da suka ba shi. Ba kowace babbar ƙasa ta Afirka ce ta taɓa yin haka ba.

Ko kuɗin da ake kashewa a kasuwar Maseru, loti, an ɗaure shi da rand ɗaya bisa ɗaya, sai yadda babban bankin Afirka ta Kudu ya juya. Haka kuma rabon da Lesoto take samu daga ƙungiyar kwastan ta kudancin Afirka, wadda aka kafa tun 1910, a waɗansu shekaru yakan kai kusan rabin kuɗin shigar gwamnati.

Amma zai zama son kai a ɗora wa maƙwabci da tarihi dukan laifi. Sarkin Lesoto na yanzu, Letsie na Uku, uban ƙasa ne kawai, ba shi da ikon zartarwa, ba kamar takwaransa na Eswatini ba wanda komai yake hannunsa. Mulki yana wurin Firayim Minista da Majalisar Wakilai mai kujera 120, sai Majalisar Dattawa mai 33, wadda 22 daga cikinsu manyan hakimai ne. 'Yan siyasa da hafsoshin soja su suka mayar da ƙasar filin kokawa. Rigimar zaɓen 1998 ta jawo sojan Afirka ta Kudu da na Botswana suka shigo, aka ƙone tsakiyar Maseru. Daga 2012 zuwa 2017 an yi zaɓe sau uku domin gwamnatocin haɗin gambiza ba sa daɗewa. A 2014 Firayim Minista Thomas Thabane ya tsere Afirka ta Kudu don tsoron sojansa, an harbe tsohon kwamandan soja a 2015, an kuma harbe mai ci a 2017. Duk sa'ad da aka ɓata, wurin maƙwabcin nan ake kai ƙara. Gajiya da wannan hali ce ta sa a zaɓen 2022 jama'a suka juya ga wani attajiri, Sam Matekane, wanda jam'iyyarsa ba ta fi wata bakwai da kafuwa ba, ta sami kujera 56, amma shi ma sai da ya nemi abokan haɗin gwiwa kafin ya kafa gwamnati.

Masaƙu su ne aka sa ran za su maye gurbin ramukan zinariya. Bayan da Amurka ta yi dokar AGOA a 2000, wadda ta yafe wa kayan Afirka kuɗin fito, 'yan kasuwar Taiwan da Sin suka kakkafa ma'aikatu a Maseru da Maputsoe, suna ɗinka wanduna irin su Levi's da Wrangler. Mata dubbai suka sami aiki, har a gidaje da dama mace ta zama mai ciyarwa. Sai dai yadin daga waje yake zuwa, masu jarin baƙi ne, kasuwar kuma ta dogara ga dokar da majalisar wata ƙasa take sabuntawa in ta ga dama. Zanen aro ba ya rufe katara, abin da 2025 ta nuna ke nan.

A 2023 Majalisar Wakilai ta yi muhawara a kan wani ƙudurin da ya nemi a maido da filayen da aka rasa a 1869, maganar da babu alamar Afirka ta Kudu za ta saurara. Abin da ya fi kusa da hannu shi ne madatsa ta uku da ake ginawa a Polihali, da kuma tambayar ko a wannan karo za a yi cinikin ruwan da idon basira. A watan Oktoba na 2024, da aka rufe hanyar ruwan don gyara, tashar Muela ta tsaya har tsawon watanni, ƙasar da take shayar da Johannesburg ta koma sayen lantarkinta daga ƙetaren iyaka.