"Ai Azurfa Ce" Ba Hujja Ba Ce

Akwai wata amsa da masu tallar tsofaffin kuɗi a intanet suka riƙe, ni kuwa na gaji da jin ta. In ka ce abin da aka aiko maka ba shi aka siffanta ba, sai a ce, "To ai azurfa ce, kai ta a gwada." Wannan amsa ba ta da ƙafar tsayuwa. Mai saye da ya karɓe ta ya ja bakinsa ya yi shiru, kansa ya cuta, ya kuma share wa mai sayarwa hanyar cutar na baya.

Liyari ne ya jawo maganar. Duk wanda ya tashi a gidan da ke da tsohuwa mai adana kaya ya taɓa ganinsa, ko da bai san sunansa ba: ƙaton kuɗin azurfan nan mai hoton wata mata mai jiki da lulluɓi, bayansa kuma mikiya mai kai biyu. Matar ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya. An fara buga kuɗi da hotonta a 1741, ta rasu a 1780. Kafin wannan lokacin, fataken ƙasashen Larabawa da na gabashin Afirka sun saba da fuskarta, ba sa yarda da wata. Saboda haka aka ci gaba da buga shi da shekarar rasuwarta, ba a sake taɓa lambar ba. Ostiriya ta daina kashe shi a cikin gida a 1858, amma Habasha da Yaman da Oman suka ci gaba da ciniki da shi har tsakiyar ƙarni na 20. A shekarun 1930 da 1940 an buga shi a Roma da Landan da Faris da Bombay, duk da 1780 a jikinsa. Abin da aka buga ya haura miliyan 300, kuma har yau ma'aikatar buga kuɗi ta Biyana tana fitar da sabo. Wanda aka buga bara da wanda ayari ya ƙetaro Sahara da shi, lamba ɗaya suke ɗauke da ita.

Mu ma muna da rabonmu a cikinsa. Da Baturen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya tarar ana canjin dalar azurfa irin wannan a kan wuri 2,500. Da sulallan Turawan mulki suka kore shi daga kasuwa, sai ya koma wuyan mata, ko hannun maƙera su narka su yi awarwaro da zobba.

Ƙanena ne ya ga tallar liyari a wani shafi. Yana son ya saya wa mahaifiyarmu, domin ta sha ba mu labarin wanda uwarta ta bar mata, aka sayar a wata shekarar matsi. Tallar ta ce, "Asali ne, na 1780, ya haura shekara ɗari biyu da arba'in, ba gyara." Hotuna biyu, gaba da baya, kuɗin ya yi duhun tsufa mai kyau. Babu hoton gefe. Ya tura kuɗi ta banki, aka sa kaya a motar haya, ya je tasha ya karɓa. Da ya buɗe sai ya ga abu yana ƙyalli kamar sabon cokali. Ya kira ni ya ce, "Yaya, anya wannan shi ne na hoton?"

Muka kai wa wani dattijo maƙerin farfaru a wajen kasuwar Kurmi. Bai ma kalli fuskar sarauniyar ba. Ya juya kuɗin a tsaye, ya bi gefensa da babban yatsa, sannan ya ɗora a sikeli. Cikakken liyari yana da nauyin giram 28 da ɗan ɗoriya. Wannan ya gaza kaɗan, abin da yawo a hannu kan iya ci. Ya kanga masa maganaɗisu, bai kama ba. Ya ɗora shi a kan yatsa ya ƙwanƙwasa da wani, ƙarar ta fita siririya ta daɗe. Ya ce, "Azurfa ce, Malam." Ƙanena har ya fara ajiyar zuciya, sai dattijon ya matso da gefen kusa da idonsa. A zagayen gefen liyari akwai rubutun Latin da ya taso, kalmomi ne masu nufin adalci da rangwame. Daidai saitin kan sarauniyar haruffan sun yanke, wurin ya yi sumul. "An taɓa yi masa kunne ana ratayawa," in ji shi, "aka cire aka bi da magagari." Ya karkata fuskar zuwa haske, sai ga siraran zane-zane duk sun nufi gefe guda. "Wannan kuma ya sha toka da lemun tsami." Da muka tambayi shekarunsa, ya yi dariya ya ce, "Duk wanda ya shigo hannuna tun ina yaro, 1780 ne."

Yanzu sai a yi lissafi. A cikin liyari kashi 833 cikin 1,000 azurfa ne, wato kusan giram 23.4, sauran jan ƙarfe. Duk mai waya zai iya duba farashin azurfa na ranar ya ninka. Abin da ƙanena ya biya ya kusa ninki uku na wannan. Rarar me ta saya? Magana biyu ta saya: "ya haura shekara ɗari biyu da arba'in" da "ba gyara". Ta farko babu mai iya tabbatar da ita daga lambar da ke jiki. Masana sai sun zauna da madubin ƙara girma suna ƙirga duwatsun adon da ke kafaɗar sarauniyar da gashin wutsiyar mikiya kafin su ce bugun wane gari ne da wane zamani. Ta biyu kuwa magagari ya ƙaryata ta. Da mai sayarwa azurfa ya tallata, da kuɗin azurfa ya karɓa. Tarihi ya sayar, don haka a kan tarihi za a kama shi.

Wanda bai shiga harkar ba zai yi mamakin a ce wanke kuɗi aibi ne. A wurin masu tara tsofaffin kuɗi, duhun nan da shekaru suka shimfiɗa shi ne shaidar ba a taɓa shi ba. Goga tana tafiya da shi, ta tafi da ɓawon ƙarfen, kuma ba ya dawowa. Kamfanonin da ke tantance kuɗi a Amurka, irin su NGC da PCGS, in suka ga alamar goga ko ta cire kunne sukan rubuta a jikin marufin, farashi kuwa ya faɗi nan take.

Na san abin da za a ce a kare mai sayarwa. Wataƙila shi ma bai sani ba. Ya sayo a ƙauye, ya ga 1780, ya yi ragi da shekarar bana. Na yarda haka na faruwa, shi ya sa ban kira shi ɓarawo ba, kuma ban bari ƙanena ya kira shi ba. Amma rashin sani zargi yake kankarewa, ba ya halatta riƙe kuɗin mutane. Sannan rashin sani bai bayyana dalilin da hoton ya yi duhu, kayan ya iso fari fat ba. Ni dai liyarin da aka taɓa yi wa kunne yana burge ni, domin wata mata ta taɓa sa shi ranar biki, kuma zan saya. Sai dai a kira shi da sunansa, a sa masa kuɗinsa.

Wannan ba sabuwar fatawa ba ce. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, har da Risala, sun halatta sayar da abin da ba ya gaban ido a bisa siffa, kuma malamai sun bayyana cewa in kaya ya saɓa wa siffar, ko aka ɓoye aibi, mai saye yana da zaɓin mayarwa. Dokar kare masu saye ta Najeriya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ita ma ta ba mai saye damar mayar da kayan da bai samu dubawa ba kafin a kawo, in bai dace da bayanin da aka yi ba. Rubuta "ba a mayar da kaya" a ƙasan talla ba ya goge ko ɗaya daga cikin biyun.

To me ya sa muke yin shiru? Kunya ce. Ranar da labarin ya fita a majalisarmu, wani ya ce wa ƙanena, "Babba da kai ka yi cinikin biri a sama?" Wani ya ce ƙaddara ce, ya bar wa Allah. Ba na jayayya da ƙaddara, amma neman haƙƙi ma yana cikinta. Masu irin wannan talla sun san mutum zai fi son ya yi asara da a yi masa dariya, kuma a kan wannan suke cin kasuwa. Haka ake tallar kwabon nan mai huda na 1936, mai sunan Sarki Edward na Takwas na Ingila, a ce ba a samunsa tunda mai shi bai cika shekara a gadon sarauta ba. Gaskiya ne ya sauka a Disambar shekarar, amma miliyoyi aka buga wa Afirka ta Yamma.

Abin da muka yi ba wani abin a zo a gani ba ne. Kafin a ce wa mai sayarwa komai, ƙanena ya adana hoton tallar da rubutunta, domin irinta kan ɓace da zarar an yi ƙorafi. Ya ɗauki hoton gefen da aka goge, da na kuɗin a kan sikeli, ya jera su kusa da hoton talla. Bai ƙara taɓa kuɗin da komai ba. Sannan ya rubuta saƙo gajere, babu zagi: ga abin da ka ce, ga abin da ya iso, zan mayar, ka mayar. Amsar farko ita ce wadda kuka sani, "Alhaji, ai azurfa ce." Ya maimaita buƙatarsa, bai shiga gardamar azurfa ba. Daga baya mutumin ya yarda, aka cire kuɗin mota, aka rabu.

Ƙanena sa'a ya yi, domin wanda ya tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun mutum ba shi da abin riƙo sai mutuncin mutumin. A eBay mai saye yana da kwana 30 bayan isowar kaya ya ce bai dace da bayani ba, a PayPal ma akwai irin wannan damar. Kuma nasa aƙalla azurfa ce. Akwai na jabu tsantsa, jan ƙarfe ko farin ƙarfe da aka shafa wa ruwan azurfa. Wasunsu maganaɗisu ba ya kama su, sikeli ne ke tona musu asiri. Amurka tun 1973 ta yi dokar da ta tilasta a buga wa kwaikwayon tsohon kuɗi alamar cewa kwafi ne, amma masu jabu ba sa bin doka.

Ku masu sayarwa, ku ɗauki hoton gefe, ku rubuta nauyi, ku ce "mai ɗauke da 1780" maimakon "na 1780". Kai kuma mai saye, in mutum ya ƙi nuna maka kuɗin a kan sikeli kafin ka biya, riƙe kuɗinka. In kuwa ka riga ka biya, kaya ya iso ba yadda aka faɗa ba, mayar masa da abinsa.