Amsar Aro Ba Ta Cin Jarrabawa

 Yau ina so mu tattauna a kan wani al'amari da ke damun gidaje da yawa a birnin Zariya, amma ba a cika faɗinsa a fili ba. Watau halin da 'ya'yanmu mata ke shiga idan Allah ya ba su shiga jami'a, aka ɗora musu jingar lissafi da ta fiziks, suka dawo gida babu mai duba musu.

Kwanakin baya na shiga barka a wani gida a Limancin Kona. Ana ta hidima a tsakar gida, sai na leƙa ɗaki na tarar da 'yar gidan, wadda ke shekarar farko a jami'a, ta duƙufa tana rubutu kamar ana korarta. Na ce, "Ke 'yar nan, me ya yi zafi haka?" Ta ce, "Gwaggo, jinga ce, gobe za a karɓa. Ƙawata ce ta turo mini amsar ta waya, ina kwafewa." Na ce, "To kin gane abin da kike rubutawa?" Sai ta sunkuyar da kai. Uwarta kuwa cewa ta yi, "Yaya, ni ina na san wannan? Addu'a kawai nake yi mata."

Tun daga ranar abin yake ci mini rai. Yarinyar nan ba daƙiƙiya ba ce, da ƙoƙarinta ta ci jarrabawar shiga. Tana kuwa bukatar taimako, wannan ba shakka. Amma abin da ƙawarta ta ba ta ba taimako ba ne. Makin jinga kaɗan ne, mafi yawan maki yana ga jarrabawar ƙarshen zango, a can kuwa babu waya, babu ƙawa. Kayan aro ba ya rufe katara. Banda haka, lissafi kamar ginin ƙasa yake, tubali bisa tubali. Wadda ta tsallake karatun shekarar farko da kwafe, a shekara ta biyu za ta ga katangar ta zube mata. Ga shi kuwa duk mai son zama injiniya, ko likita, ko mai haɗa magunguna, sai ta bi ta kan fiziks tun a shekarar farko, watau ilmin motsi da nauyi da zafi da haske da lantarki.

Abin mamaki shi ne, irin taimakon da ya dace yana nan a ƙofar gidajenmu. An san Kona da Juma da karatun zaure tun kaka da kakanni, ɗalibai suna zuwa daga nesa don neman ilmi. Ku duba yadda ake karatun nan. Ɗalibi ne ke jan baƙi, malam yana saurare, inda ya yi tuntuɓe a nan ake gyara masa. In an tashi, ɗalibai su koma gefe su yi bita, wanda ya fi ganewa ya ja na baya. A makarantar allo ma, malam yana biya wa yarinya, amma ba ya haddace mata, kuma ba a wanke allo sai karatu ya zauna. Babu malamin da ya taɓa yi wa ɗalibinsa karatu ya ce ya taimake shi. To haka lissafi yake.

Saboda haka, ke 'yar makaranta, ga shawarata. Da farko ki zauna da tambayar ke kaɗai, ko da rabin sa'a ne. Ki rubuta abin da aka ba ki, ki rubuta abin da ake nema, ki zana hoton abin in da hali, sa'an nan ki gwada. In kin maƙale, ki sa alama a daidai layin da kika tsaya. Da wannan takarda za ki je neman taimako. Wadda ta ce, "Malam, na kawo nan, na rasa dalilin da wannan ya koma wancan," cikin minti biyar za a warware mata. Wadda ta miƙa farar takarda ta ce a yi mata, ko an yi mata ba ta ƙaru da kome ba.

Bari in ba ku misali. Idan kika saki tsakuwa a bakin rijiya, a daƙiƙa ɗaya za ta faɗi kimanin mita 5. A daƙiƙa biyu kuwa kimanin mita 20 za ta faɗi. Mai kwafe za ta rubuta 20 ta wuce. Mai neman ilmi za ta tsaya ta ce, me ya sa ba 10 ba? Amsar ita ce, tsakuwar tana ƙara gudu ne tana tafiya, don haka in lokaci ya ninka biyu, nisa sai ya ninka huɗu. Wadda ta gane wannan, ko an juya mata tambayar zuwa mangwaro da ya faɗo daga bishiya, za ta amsa. Wannan "me ya sa" ɗin ita ce ake zuwa jami'a a koya.

Wajen wa za a je? Malamin darasin shi ne na farko, don aikinsa ke nan, kuma matambayi ba ya ɓata. In kunya ta hana ki, ku je ku biyu ko uku. Sai 'yan ajin gaba, musamman 'yan'uwanki mata waɗanda suka wuce darasin bara. Sai bita tsakaninku, ku huɗu ko biyar, kowace ta tashi ta yi bayanin tambaya ɗaya da bakinta. Waɗanda ke Jami'ar Ahmadu Bello suna da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru, inda littafi ɗaya in bai fito da abu sarai ba wani zai fito da shi. Amma ina jan kunnenku: duk namijin da ya ce ba zai koya miki ba sai a keɓe, ko ya fara kawo zancen da ba na karatu ba, ki tattara littattafanki ki bar wurin, ki kuma gaya wa na gaba da ke.

Waya fa? Ba na ce a yar da ita ba. Akwai darussa na kyauta a intanet, irin na Khan Academy, waɗanda ke bin lissafi daki-daki. Daga Nuwamba 2022 da aka fito da ChatGPT kuwa, yara sun sami na'urar da ke zubo amsa nan take. Sai dai takan yi kuskure, kuma da cikakkiyar murya take yin sa. In za ki yi amfani da ita, ki sa ta yi miki bayanin matakin da ya shige miki duhu, sa'an nan ki rufe wayar ki sake yin tambayar da hannunki. In kin kasa, allonki bai isa wanki ba tukuna.

Yanzu sai mu iyaye. Kada wata ta ce tun da ba ta yi boko mai zurfi ba, ba ta da abin yi. Yarinyar da ta taso daga Samaru ta iso cikin birni da almuru, ta tarar da wanke-wanke da tuƙin tuwo da goyon ƙane suna jiranta, yaushe za ta zauna da lissafi? Ɗan'uwanta namiji kuwa ya ci ya shige ɗaki da littafinsa. A ɗauke mata aiki na sa'a biyu kullum. A tanadar mata fitila. In ƙawayenta za su yi bita, a buɗe musu ɗaki a gidanki, ya fi miki kwanciyar rai. Kuma ki ce ta yi miki bayanin abin da ta koya da Hausa. In ta iya sa ki gane, to ta gane. Maigidan da matarsa ke karatu, shi ma wannan magana ta shafe shi.

Masu cewa lissafi baƙon ilmi ne, su tuna da Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rubuta littafi a kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Malamanmu masu rabon gado ma, da tumuni da sudusi suke aiki kullum. Farfesa Iya Abubakar, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978, malamin lissafi ne. Masu cewa kuma ba na mata ba ne, ga Grace Alele-Williams, malamar lissafi, wadda a 1985 ta zama mace ta farko da ta shugabanci jami'a a Nijeriya, watau ta Benin. Ga kuma tamu, Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero, Kano. Da aurenta da 'ya'yanta ta shiga jami'a tana da shekara 29, ta karanci fiziks, har a 2015 aka ba ta lambar yabo ta duniya saboda bincikenta a kan sararin samaniya.

Ita kuwa 'yar tamu ta Limancin Kona, na roƙi uwarta ta sauke mata girkin dare, ita kuma na sa ta yi mini alkawarin ba za ta ƙara miƙa abin da ba za ta iya bayaninsa ba. Ku ma ku duba gidajenku. Allah ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, ya ba mu ikon tallafa musu, amin.