Rafi Mai Sanyi Kusa Da Filinka: Ka Ɗaga Dutse Kafin Ka Sayi Fayif



Akwai wata magana da nake yawan ji daga masu shirin fara kiwon kifi ko kaji a wurare masu sanyi, irin su Jos, Bokkos, Mangu, Pankshin, har zuwa Gembu da Nguroje a tsaunin Mambila. Mutum zai ce maka: "Ai ni na huta da haƙa bohol, akwai rafi a bayan filina, ruwan dutse ne, garai-garai, sanyi ƙalau." Ni kam ban yarda a gina jari a kan wannan magana ba. Rafin yana iya zama mai kyau, yana iya zama akasin haka, amma ido da tafin hannu ba za su raba maka gardama ba. Tambayoyi biyu ake yi wa rafi: shin akwai kashi a cikinsa, sannan shin halittun ruwa suna iya rayuwa a cikinsa. Amsar ɗaya ba ta wadatar da ɗayar.

Mu fara da ta farko. Bakteriya ba ta canza wa ruwa kala. Abin da ma mutane ba su lura da shi ba, sanyin da suke yabo shi ne ke taimaka mata. Ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga hanjin mutum ko dabba sun fi daɗewa a raye cikin ruwa mai sanyi, kuma hasken rana da ke kashe su ba ya ratsa rafin da bishiyoyi suka yi wa rumfa. To ka duba Mambila, ƙasar shanu ce, kuma a rafi suke shan ruwa. Ka duba kewayen Jos, gonakin kaji birjik. Ka ƙara da bayan gida a fili da ruwan kwata. Duk abin da ke saman tudu, ruwan sama zai gangaro da shi.

Abin da ake nema a ɗakin gwaji shi ne E. coli. Yawancin ire-irenta ba su da wata illa da kansu, amma da yake a hanji take zama, ganinta a ruwa shaida ce cewa kashi ya shiga, kuma inda kashi ya bi, taifot da kwalara da Salmonella za su iya bi. Ana ƙirga ta a cikin mililita 100 na ruwa. Na sha, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko ɗaya kada a samu. Na wanka da iyo, hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa matsakaicin 126. Na kududdufin kifi kuwa, ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1989 ta sa iyaka a kan bakteriyar kashi 1,000. Ka riƙe waɗannan lambobi uku, domin takardar sakamako ba za ta yi maka bayani ba, lamba kawai za a rubuto maka.

Ɗibar ruwan ma tana da ƙa'ida. Kwalbar da aka kashe wa ƙwayoyin cuta za ka karɓo daga wurin masu gwajin, ba robar lemo da ka ɗauraye ba. Ka shiga inda ruwa ke gudu, ka fuskanci inda yake fitowa, ka nutsa kwalbar ƙasa da fuskar ruwa ba tare da ka tayar da laka ba. Ka sa ta a kula da ƙanƙara, ka kai cikin awa 6 in da hali. Sassan nazarin ƙananan halittu na jami'o'i da ɗakunan gwaji na hukumomin ruwa na jihohi su ne wuraren da za ka fara tambaya, na Filato kuma ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da ku. Kuma gwaji ɗaya bai isa ba. Ka yi ɗaya da rani, ka yi wani washegarin ruwan sama mai ƙarfi, musamman a farkon damina lokacin da ruwa ke wanke dattin da ya taru wata da watanni. Rafi ɗaya zai iya ba ka lambobi biyu da ba su ko kama hanyar juna ba.

Wannan shi ne rauninsa: gwajin kwalba yana gaya maka halin ruwan a mintin da ka ɗiba ne kawai. In wani ya wanke tankin feshi a rafin shekaranjiya, ruwan ya riga ya wuce, kwalbarka ba ta gani ba. Shi ya sa na fi ba tambaya ta biyu muhimmanci, ga shi kuma kusan kyauta ce.

Ka je inda ruwa ke gudu a kan duwatsu, wurin da bai wuce gwiwa ba. Ka ɗaga dutse kamar girman dunƙulen hannu biyu, ka juya shi, ka duba ƙasansa da kyau. Sannan ka tare ƙasan ruwan da rariya ko guntun gidan sauro, ka tattaka tsakuwar da ke gabanta na ɗan lokaci, ka juye abin da ya taru a farin faranti da ɗan ruwa. Ka jira laka ta kwanta. Za ka ga abubuwa sun fara motsi.

Waɗannan ƙananan halittu 'ya'yan ƙwari ne da ke yin makonni ko watanni a ruwa kafin su yi fiffike. Ba su iya guduwa in ruwa ya lalace, don haka kasancewarsu ko rashinsu labarin watannin baya ne. Uku ake fi nema. Akwai mai jela uku sirara kamar gashi, da wasu 'yan ganyayyaki a gefen cikinsa da yake kaɗawa don numfashi. Akwai mai jela biyu, shimfiɗaɗɗe, mai ƙafafu masu ƙarfi da yake manne wa dutse da su, wannan shi ya fi kowa ƙyamar ƙarancin iska, in ka same shi ka yi murna. Na ukun shi ya fi burge ni: tsutsa ce da ke gina wa kanta ɗan gida kamar bututu da yashi ko guntayen ganye, ta riƙa yawo da shi, wasu ire-irenta kuma saƙar raga suke yi a jikin dutse. In ka ga waɗannan ukun, ga ƙaguwa, ga 'ya'yan mazari, iri-iri dai, to rafin yana da iska kuma guba ba ta bi ta cikinsa kwanan nan ba.

In kuwa farantinka ya cika da jajayen tsutsotsi ƙanana, da matsattsaku, da wata farar tsutsa mai dogon wutsiya kamar ta ɓera, duwatsun kuma sun yi santsi da wani abu toka-toka kamar majina, to ruwa ba ya tsami banza. Jar tsutsar nan jinin jikinta ne ke ba ta damar zama inda iska ta yi ƙaranci. Yawanta, tare da rashin sauran, yana nufin ruɓaɓɓen datti na shiga rafin yana cinye iskarsa. Ba yawan halittu ake dubawa ba, yawan ire-irensu ake dubawa.

Kada wani ya ɗauka dabarar ƙauye ce. Da irin wannan ƙirga hukumomi ke auna lafiyar koguna a Ingila da Amurka, a Afirka ta Kudu kuma har sauƙaƙa ta aka yi aka kira ta miniSASS, mai rukunin halittu 13 da hotunansu, yaran makaranta ma suna yi. Ka nema a intanet ka ajiye hotunan a wayarka. Sai dai a kula: rafin da ƙasansa yashi ne ko laka zalla, dama can ba ya tara masu son dutse, kuma bayan ambaliya ruwa kan share su na ɗan lokaci. Ka duba wurare biyu ko uku, kuma ka maimaita.

Yanzu ga inda amsoshin biyu ke saɓawa. Za ka iya samun rafi cike da ƙwari masu kyau amma E. coli ta yi yawa, saboda akwai mashayar shanu a sama. Kifi zai iya rayuwa a wannan ruwa, E. coli ba ita ce ke damun kifi ba. Wanda ke cikin haɗari shi ne kai da yaronka da ke tsoma hannu kullum, da mai sayen kifin, da kuma kajinka in ka ba su shi haka nan, domin cutar E. coli a kaji tana cikin abubuwan da ke cinye 'yan tsaki, ruwan sha kuma hanya ce. Za kuma ka iya samun akasin haka: takarda ta fito fes, amma ƙasan duwatsu wayam. Wannan ya fi ba ni tsoro a matsayin mai kifi. A Filato ana noman dankalin turawa da tumatir da kabeji a bakin rafuka, ana feshi, ga kuma tsofaffi da sabbin wuraren haƙar kuza. Abin da ya kashe ƙwarin nan ba zai bar 'ya'yan kifinka ba.

Ga masu kaji, kulorin yana maganin bakteriya in ruwan ya kwanta ya yi haske kafin a zuba. Amma ka dakatar da shi kwana biyu kafin rigakafin da ake bayarwa a ruwa kamar Lasota da Gumboro, in ba haka ba ka kashe maganin da kanka. Kuma kulorin ba ya cire maganin feshi.

Sai batun sanyin kansa. Gaskiya ne ruwan sanyi ya fi riƙe iska: a digiri 20 yana ɗaukar kusan miligiram 9 a lita, a digiri 30 kuwa kusan 7.5, duk da cewa a kan tudu adadin yana ɗan raguwa. Amma tarwaɗa da karfasa kifayen zafi ne. Tarwaɗa ta fi girma tsakanin digiri 26 zuwa 30, in ruwa ya sauka kusa da 20 sai ta rage cin abinci, watannin kiwo su ƙaru, kuɗi na tafiya. Ba banza ba aka kawo kifin kaf daga waje zuwa gonar kifi ta Panyam tun shekarun 1950, shi ya fi jure sanyi. Masu kiwon kifin turawut a gindin Dutsen Kenya da kuma Lesotho suna aiki ne da ruwan da bai kai digiri 20 ba. Don haka ka sayi ma'aunin zafi, ka auna rafinka da asuba da kuma la'asar, musamman a Disamba da Janairu, kafin ka yanke shawarar irin kifin da za ka zuba.

Na san wani zai ce kuɗin gwaji fa? Ka tambayi farashinsa, ka ajiye shi kusa da kuɗin abincin da kifi 1,000 za su ci a wata biyar, sai ka yi wa kanka hisabi. Wani kuma zai ce kakanninmu sun sha ruwan nan lafiya. Sun sha, amma a zamaninsu babu gonar kaji dubu biyar a saman rafin.

Wannan ya kawo ni ga ɓangaren da ba mu son ji. Da zarar ka fara kiwo, kai ma ka shiga sahun masu zuba wa rafin datti. Ruwan da ka sako daga kududdufi ko tampol yana ɗauke da kashin kifi da ragowar abinci da ammoniya, tulin kashin kajin da ka jibge a gangare kuma ruwan farko zai kwashe shi. A ƙasanka akwai mai wanki, akwai yara masu wanka, akwai wani mai kifin. Shawarata, tun kafin ka zuba kifi ko ɗaya, ka zaɓi wuri biyu, ɗaya sama da inda ruwanka zai fita, ɗaya ƙasa da shi, ka ɗaga duwatsu ka ɗauki hoton farantin kowanne da kwanan wata. Bayan wata uku ka koma. In na sama yana nan da masu jela uku, na ƙasa kuma ya koma jar tsutsa, ba sai an kira maka masani ba. Ka haƙa rami inda ruwan zai fara kwantawa, ka karkatar da shi zuwa ayaba ko masara ko bishiyoyi, kashin kajin kuma ka matsar da shi nesa da gangare ka rufe shi da tampol kafin damina ta faɗi.