Jami'ar Indiyana: Ranar da Aka Auna Harsuna da Yawan Ɗalibai

Duk ɗalibin da ya taɓa rubuta kundi a kan nahawun Hausa, a Yamai ko a Damagaram, da wuya bai ambaci Paul Newman ba. Kaɗan ne suke tambayar inda malamin ya zauna ya yi wannan aiki. Wurin shi ne Jami'ar Indiyana da ke garin Bloomington a Amurka, jami'ar gwamnatin jiha da aka kafa a 1820, wadda take da ɗalibai sama da 40,000 a wannan gari kaɗai.

Mutumin Amurka idan ya ji sunanta, ƙwallon kwando yake fara tunawa. Sau biyar ƙungiyarta ta maza ta ci kofin jami'o'in ƙasar, kuma a 1976 ta buga wasa 32 ba a doke ta ko sau ɗaya ba. A tafkinta Mark Spitz ya samu horon ninƙaya kafin ya kwashe lambobin zinariya bakwai a gasar Olamfik ta 1972.

Sai dai a idon masanin harshe, darajar jami'ar tana wani wuri dabam. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu rundunar Amurka ta tura sojoji Bloomington su koyi harsunan da ba kasafai ake koyarwa ba, irin su Turkanci. Shugaban jami'ar na wancan zamani, Herman Wells, bai bar abin ya mutu da ƙarewar yaƙi ba. Daga baya dokar 1958 ta sa gwamnatin tarayya ta fara ba da kuɗin koyar da harsunan ƙetare, aka buɗe shirin nazarin Afirka a 1961. A wannan inuwa Newman, wanda ya taɓa shugabantar Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kano, ya samu natsuwar rubuta babban littafinsa na nahawun Hausa da ya fito a 2000, da ƙamusun Hausa zuwa Ingilishi na 2007. Roxana Ma Newman kuwa ta fitar da na Ingilishi zuwa Hausa tun 1990.

A 2025 majalisar jihar Indiyana ta saka wani sharaɗi cikin dokar kasafin kuɗi. Duk fannin digirin farko da ba ya yaye aƙalla ɗalibai 15 a shekara, idan aka daidaita shekara uku, sai ya nemi izinin ci gaba da zama. A digiri na biyu adadin bakwai ne, a na uku kuma uku. Tun kafin dokar ta fara ciwo, jami'o'in jihar suka miƙa jerin fannoni sama da 400 da za su rufe, ko su dakatar, ko su haɗe da wasu, kuma na harsuna suna da yawa a ciki.

Masu goyon bayan dokar suna da hujja: kuɗin haraji ne, kuma aji mai ɗalibi huɗu yana cin albashin malami daidai da mai ɗari. Haka ma ba adalci ba ne a ce wasanni ne suka cinye rabon harsuna, domin mafi yawan kuɗin wasanni daga tikiti da masu ba da gudummawa da talabijin yake fitowa. Rukunin Big Ten da jami'ar take ciki ya sayar da haƙƙin nuna wasanninsa a 2022 kan kusan dala biliyan bakwai.

Kuskuren yana cikin mudun awon. Ƙirga kawuna ya dace da filin wasa, inda kujera 17,000 ko ta cika ko ba ta cika ba. Sashen harshe kuwa ribarsa ba ta bayyana ranar yaye ɗalibai. Ajin Hausa a tsakiyar Amurka bai taɓa tara jama'a ba, amma littafin da ya fito daga ofishin da ke kusa da shi yana kan teburin malamai daga Sakkwato har Hamburg shekara ashirin da biyar bayan bugunsa. Babu gurbi a takardar ƙidayar majalisa da za a rubuta wannan. Kuma malamin da ya ƙware a harshe guda, idan ya yi ritaya ba a maye gurbinsa ba, ba a shekara ɗaya ake samo wani ba.

Abin ya shafi Nijar kai tsaye. A watan Maris na 2025 ne kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, wato daidai lokacin da ake bukatar ƙamus da nahawu da kalmomin shari'a da na likitanci. Nahawun Newman a kan Hausar Kano ya fi dogara. Hausar Adar ta samu littafin Bernard Caron a 1991, da Faransanci. Bayanin karin sauti da jam'in suna a Gobiranci da Arewanci da Damagaranci yana jiran masu yi, kuma aiki ne na ɗalibi biyu ko uku a shekara, masu yawo da na'urar ɗaukar murya ƙauye-ƙauye. Da za a ɗora wa sashen da yake horar da su ma'aunin Indiyana, da shi ma sai ya nemi izinin zama.