Bidiyon karatu a lakwal: a jera shi kafin a nuna wa yara

Jama'a, duk wanda ya taɓa kasa kaya a Kasuwar Dole ya san tulin haja daban, shago daban. In aka zube atamfa da takalmi da sabulu wuri guda, mai saye zai yi ta tono har ya gaji ya wuce gaba. To haka bidiyon karatu yake a salular 'ya'yanmu a nan Damagaram. Yau a turo darasin lissafi ta WhatsApp, gobe na Faransanci, jibi wani da ba a san ko na wane aji ba ne, mu kuwa iyaye muna ta sayen kati muna murna wai yaro na karatu da intanet.

Ba mu ƙi bidiyo ba. Malamin da ke gaban yara fiye da ƙima, ba ɗakin gwaji, ba isassun littattafai, in ya samu hoton da zai nuna yadda jini ke zagaya jiki ko yadda wata ke shiga tsakanin rana da ƙasa, ai ya samu mataimaki. Amma sai an jera. Malami ne zai zauna da manhajar shekara a gabansa, ya kalli kowane bidiyo tun daga farko har ƙarshe, ya zubar da tarkace, sannan ya sa wannan na mako na ɗaya, wancan na mako na biyu, ya rubuta sunan aji da na darasi a kai. A YouTube ana iya haɗa irin wannan jeri a raba shi da adireshi guda. Aibinsa shi ne talla na shigowa, kuma a gefe ana kwaɗaita wa yaro wasu hotunan da ba malami ya zaɓa ba. Daga rabawa da ninkawa sai ka tsince shi a wasan kokawa.

Wannan ba sabon abu ba ne a Nijar. Tun a 1964 aka soma koyarwa ta talabijin a ƙasar nan da taimakon Faransa, a wasu ajujuwa kimanin 20 na kewayen Yamai, har daga baya aka riƙa kunna wasu akwatunan da hasken rana. Masu tsaron ajin ba manyan malamai ba ne, matasa ne da aka yi wa ɗan gajeren horo. Abin da ya riƙe shirin shi ne tsari: gajerun darussa, kowane na bin na jiya, kuma da an kashe akwatin sai a koma kan allo da tambayoyi. Shirin ya tsaya a ƙarshen shekarun 1970, bai kai ga yawancin yaran ƙasa ba, kuma da Faransanci zalla aka yi shi. Yanzu akwatin ya shigo aljihun kowa, tsarin ne muka bari a baya.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce tamu. Jerin da sai da intanet yake buɗewa na 'ya'yan masu hali ne. Mai sayar da ƙuli ko tattasai da ke tara dala-dala ba za ta iya sayen kati kullum ba, balle a ƙauyukan Tanut ko Gure inda layi ke zuwa ya tafi. Wuta ma mun ga iyakarta a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana ita bayan juyin mulki, aka yi watanni ana fama. Don haka jerin da zai amfane mu shi ne wanda aka sauke sau ɗaya a memori, aka ba kowane darasi lamba, ana kallonsa ko da layi ko babu. Akwai masu bidiyon da suka yarda a yi hakan, kamar Khan Academy, wadda aka fara fassara darussanta na lissafi zuwa Faransanci a 2013. Kuma samarin nan masu tura fina-finan Kano da waƙoƙi a bakin kasuwa sun riga sun iya aikin. In malamai suka miƙa musu jerin ajin BEPC a shirye, uwa za ta biya sau ɗaya ta san abin da ta saya.

Wasu za su ce yaran da har yanzu ke karatu a rumfar zana, ina su ina bidiyo? Gaskiya ne, kuma ba mu manta da gobarar Maraɗi ta Nuwamban 2021 da ta ci yara fiye da 20 a irin wannan aji ba. Gina aji aikin hukuma ne, kada a bar ta ta huta. Amma jera darasi ba ya cin siminti, lokacin malami yake ci, kuma lokacin nan ya kamata kwamitin COGES da ƙungiyar iyaye mata su biya, maimakon a bar shi yana yi kyauta da katin aljihunsa.

Akwai kuma gurbin da intanet ba za ta cike mana ba. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a hukumance, amma nemi bidiyon Hausa mai kyau a kan Sarki Tanimun da ganuwar Birni, ko a kan yadda aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, ka ga wahala. Ga jami'a a garin nan mai sunan André Salifou, mutumin da ya rubuta tarihin Damagaram. Ɗalibanta na da salula mai ɗaukar hoto, fada na nan, majema da maƙera na nan. Bidiyo goma na minti biyar-biyar, a jere daga kafuwar sarauta zuwa shigowar Faransawa a 1899, ba su fi ƙarfin 'yan kasuwar Zango su ɗauki nauyinsu ba.