Jemage Ya Fi Ƙarfin Gidan Boka



Mu duba labaran da muke rubutawa. Duk inda jemage ya fito, to ko dai a kogon boka ne, ko a kangon gida da tsakar dare, alamar mugun abu na tafe. Mun mayar da shi kayan ado na tsoro. A ganinmu wannan kasala ce, domin gaskiyar rayuwar wannan halitta ta fi duk abin da muke ƙirƙira a kanta ban mamaki.

Ƙananan jemagun nan da ke shawagi bayan magariba suna farautar ƙwari cikin duhu, da kunne suke gane hanya. Jemage yana fitar da ƙara mai tsinin gaske, ta bugi abin da ke gabansa ta dawo, shi kuma ya saurara. Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, kuma yawancin kukan farautar jemagu ya haura haka, shi ya sa muke zaton shiru suke yi. Sauti na tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa cikin iska. Ke nan idan bishiya na nesa da mita 17, amsar za ta dawo cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Daga wannan ɗan jinkiri yake gane nisa. Daga bambancin abin da kunnen dama da na hagu suka ji yake gane ɓangare. In ya kusa cafke ƙwaro sai ya ƙara sauri, har ya yi kira sama da 100 a daƙiƙa guda. Wasu faɗa-wuta kuma na jin wannan kira, sai su saki jiki su faɗo don su tsira. Wane rikici muke nema a labari da ya wuce wannan?

Ba a banza aka gano haka ba. A wajajen 1793 wani masani ɗan Italiya, Lazzaro Spallanzani, ya lura jemagun da ba sa gani suna tashi ba tare da karo ba. Louis Jurine na Geneva ya toshe musu kunnuwa, sai suka rikice. Aka shafe fiye da shekara 140 kafin Donald Griffin da Robert Galambos a jami'ar Harvard ta Amurka su tabbatar da sirrin da na'urar da ke kama sautin da kunne ba ya ji. Griffin ne ya raɗa wa abin suna da Turanci a 1944.

Mu kuwa ba sai mun yi aro ba. Muna da kalmar amsa-kuwwa, wadda duk yaron da ya taɓa ƙwala kira a gindin dutse ko cikin rijiya ya san ta. Mu ce gani da amsa-kuwwa, mai karatu ya fahimta nan take. Da ita za mu bayyana dabbar dolfin, wadda ke tura sauti ta wani kitse da ke goshinta, ta karɓi amsar ta muƙamuƙinta na ƙasa, a cikin ruwan da sauti ke gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa. Da ita za mu ba da labarin Daniel Kish, makaho ɗan Amurka da ke ƙyasta harshe ya gane bango da ƙofa, yana kuma koya wa sauran makafi.

Sai dai mu yi hattara kada mu gyara kuskure da wani kuskuren. Jemage ba makaho ba ne. Kuma manyan jemagun da ke rataye a bishiyoyi suna cin 'ya'yan itace, da ido da hanci suke neman abinci. Nau'in jemagu a duniya ya haura 1,400, ba duka hali ɗaya ba.

Wani zai ce aikin marubuci labari ne, kimiyya ta malamai ce. To amma yaron da ya karanta cewa jemage ɗan aiken mayu ne, gobe shi zai ɗauki danƙo ya harbe dabbar da ke rage mana ƙwari, ko mai yaɗa irin itatuwa. Alƙalaminmu na da hannu a ciki.

Yau bayan magariba mu fita tsakar gida mu ɗaga kai na minti goma, sannan mu rubuta abin da muka gani.

Allah ya sa mu dace.