Giram 14 Daga Inda Ba Za a Wuce 12 Ba

Kwanakin baya wani ɗalibi ya miƙo mini rahoton gwajin haɗa fomanilid. Ya fara da giram 9.3 na anilin, ya rubuta cewa ya samu giram 14. Da na tambaye shi yadda aka yi haka, sai ya ce: "Malam, ai an ce iya yawan abin da ka samu, iya yawan makinka." Ban ga laifinsa shi kaɗai ba. Babban laifin yana wuyan malaman da suka mai da ɗakin gwaje-gwaje kasuwar hatsi, inda mai cika mudu ke cin riba.

Mai karatu, mu dubi aikin kansa. Anilin zoben benzin ne da ke riƙe da naitirojin mai haidirojin biyu. Idan aka haɗa shi da asid fomik aka ɗora a wuta, rukunin fomil yakan maye gurbin haidirojin ɗaya, a samu fomanilid da ruwa. Nauyin mol ɗaya na anilin giram 93 ne, na fomanilid kuwa 121. Ke nan giram 9.3 ba za su taɓa ba da fiye da 12.1 ba, ko da ɗigo ɗaya bai zube ba. Duk abin da ya haura haka ba fomanilid ba ne. Ruwa ne, ko toluwin da bai gama bushewa ba, ko ragowar asid.

Ilimin da ake so ɗalibi ya samu yana wajen ruwan nan. Haɗin mai komawa baya ne: muddin ruwa na cikin kwalba, yana iya warware abin da aka ƙulla. Ƙa'idar da Le Chatelier, masanin Faransa, ya bayyana a 1884 ta nuna mafita, wato a riƙa janye ruwan yayin da yake samuwa. Shi ya sa ake tafasa haɗin cikin toluwin da na'urar Dean-Stark, wadda aka fito da ita a 1920. Tururin toluwin yakan tashi tare da ruwa, su huce a bututu, ruwan ya kwanta a ƙasa saboda ya fi nauyi, toluwin ya koma kwalba. Idan ruwa ya daina taruwa, aiki ya kammala. Wanda ya gane wannan ya fi wanda ya cika sikeli da jiƙaƙƙen abu.

Masu kare wancan tsari sukan ce yawan abin da aka samu shi ke nuna natsuwar ɗalibi, kuma masana'antu da yawa suke auna riba. Gaskiya ne, amma yawan me? Tsarkakakken fomanilid yana narkewa a wajen digiri 47 na Selsiyus. Da yake zafin narkewarsa ba shi da yawa, ƙazanta kaɗan takan hana shi daskarewa, ya tsaya kamar mai. Wanda ya kawo giram 8 da suka narke daidai a wannan zafi ya haɗa fomanilid. Wanda ya kawo giram 14 na maiƙo bai san abin da ke hannunsa ba. Wataƙila ma akwai ragowar anilin a ciki, guba ce kuwa da ke ratsa fata ta hana jini ɗaukar iskar shaƙa yadda ya kamata.

Abin da ya fi damuna shi ne tarbiyyar da muke dasawa. Ɗalibin da ya ga ana saka wa babban adadi da maki, gobe zai daina aunawa ya fara ƙirƙira. Irinsa ne wata rana za a damƙa wa gwajin magani ko ruwan sha. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa wani ya riga ya sha abin.

Don haka ina kira ga abokan aikina: a ba da maki kan lissafin iyakar abin da za a iya samu, da zafin narkewa, da bayanin inda asara ta faru. Ku kuma ɗalibai, ku rubuta abin da sikeli ya nuna bayan abin ya bushe, ko da giram 5 ne, sannan ku faɗi dalili.